Gida Na Gaba Kaɗan

A gidan Malam Dauda tela da ke unguwar Tandabawi a Makka, ranar Alhamis bayan la'asar ba a aiken kowa ko'ina. Lokacin Ayarin Taurari ne. Shirin talabijin ne na Turawa mai wani suna mai karya haƙori, amma Malam Dauda ya raɗa masa wannan tun yana ango, sunan kuwa ya bi shi. Labarin wasu bayin Allah ne da jirginsu ya ɓace a sararin samaniya, suna sauka wannan duniya su tashi waccan, suna neman hanyar gida.

Matarsa Asiya ta iya Larabcin kasuwa, da shi take ciniki, da shi take faɗa. Amma rubutun nan da ke gudu a ƙasan talabijin ya fi ƙarfinta, kafin ta haɗa baƙi biyu ya wuce. Sai aikin ya faɗa kan Malam Dauda. Ya karanta Larabcin ya juye mata shi Hausa nan take, kowa da muryarsa. Shugaban jirgi ya zama Madugu. Mutum-mutumin ƙarfen da ke yi musu lissafi ya zama Gwangwani. Duk halittar da ta tare musu hanya kuwa, ko ido uku gare ta, a bakinsa 'yan kwastan ne. Iyayen Malam Dauda da na Asiya duka da ƙafa suka zo Makka, ta Chadi da Sudan, shi ya sa labarin ayari bai taɓa zama baƙo a gidan ba. In shiri ya ƙare sai ya gyara murya ya ce, "Madugu ya ce ku daure, gida na gaba kaɗan." Sannan a kwashe kofunan shayi.

Bayan Hajjin bara ɓarin jikin Malam Dauda na dama ya shanye, harshe ya ɗaure. Mutumin da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, yanzu ko ruwa sai ya nuna da hannu. Asiya ta kasa jure a kunna shirin yana zaune shiru, sai ta ce masa tashar ta daina nunawa. Ba a daɗe ba asirinta ya tonu. Tashar ta shiga talla ba dare ba rana: shiri ya cika shekara talatin, za a yi na musamman, tsofaffin fuskoki duk za su dawo. Malam Dauda ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna talabijin, ya dube ta.

Tsoronta ɗaya ne, kada a kunna Turawa su yi ta surutunsu, ɗaki ya yi tsit, mijinta ya ji da kunnensa gurbin da ya bari. Ta san shi, baƙin cikin hakan zai fi ciwon ci masa rai.

Ta tari autarsu Basma, wadda ke aiki a wani kantin magani a Aziziyya. Basma haihuwar Makka ce, Hausa takan ji ta sarai, amma in an yi mata sai ta mayar da Larabci.

"Ranar Alhamis ke za ki juye mana."

"Ummi, wallahi ma agdar. Ba ni iyawa. Hausata gurguwa ce, Gwaggo Ɗaso ta maƙwabta za ta yi mini dariya har ta kai wa mutanen unguwa."

"Gurguwa ma tana zuwa inda za ta."

"La, Ummi. Halas, magana ta ƙare."

Asiya ta ƙyale ta, don ta san ba a yi wa Basma dole.

Ranar ta zo. Maƙwabciyarsu Ɗaso, wadda ba ta taɓa fashin shirin ba sai da aka daina kunnawa, ta shigo da kwanon funkaso. Aka jingina Malam Dauda da matashi a wurinsa na kullum, an sa masa farar jallabiya kamar mai zuwa Juma'a. Basma ta zauna can bakin ƙofa tana latsa waya. Asiya ta zuba shayi, ta kunna.

Kiɗan ya tashi. Ga Madugu nan ya tsufa, kai fari fat, yana dogara sanda. Ɗaso ta ce, "Ikon Allah! Ashe su ma suna tsufa." Madugu ya yi magana, rubutu ya gudu, babu mai juyawa. Ya sake yi. Leɓen Malam Dauda na motsi, ba abin da ke fita, hannunsa ya damƙe gefen darduma. Asiya ta miƙa hannu za ta kashe.

"Ya ce..." Muryar Basma ce daga bakin ƙofa, ƙasa-ƙasa. "Madugu ya ce, ya jama'a, kun yi tsufa kullukum, dukanku, illa Gwangwani."

Ɗaso ta fashe da dariya, amma ta Gwangwani take yi. Basma ta matso kaɗan. Tana tuntuɓe tana tashi, rabi Hausa rabi Larabci, in kalma ta ɓace mata Asiya ta miƙo mata. Da wasu masu koren fata suka tare jirgin Basma ta ce, "Ga mahlukat sun zo." Malam Dauda ya bubbuga darduma da ƙarfi. Ta dube shi, ta yi murmushi. "Afwan, Abuya. Ga 'yan kwastan." Ya gyaɗa kai. Kafin a kai rabi ta ajiye waya, tana gefensa, har da ƙanƙance murya in Gwangwani zai yi magana.

Can ƙarshe Madugu ya tara jama'arsa ya yi dogon jawabi, wasu na share hawaye. Basma ta karanta, ta ɗago ta dubi uwarta.

"Faɗi yadda yake," in ji Asiya.

"Ya ce duniyarsu ta asali babu ita, tun zaman, tun tuni. Ya ce ba su komawa, nan za su zauna."

Babu wanda ya taɓa shayinsa. Sunaye suka fara hawa bisa allo. Basma ta duƙa wajen uwarta ta ce a hankali, "Ummi, maganar nan ta ƙarshe da Abuya ke faɗi, ba ta cikin rubutu. Tun ina madarasa na sani."

"Ni ma ina da ido," in ji Asiya. "Shekara talatin yana faɗinta bakin Madugu a rufe."

Sai suka ji wani sauti daga wajen matashin. Malam Dauda ne, jijiyar wuyansa ta miƙe, yana kokawa da harshensa. Ɗaso za ta yi magana, Asiya ta riƙe mata hannu. Aka jira shi.

"Gi... da."

Maganarsa ta farko ke nan tun da ya kwanta. Ya sake gwadawa, ba ta fito ba, sai ya juya ya zuba wa 'yarsa ido.

Basma ta goge fuska da gefen mayafi, ta gyara murya yadda yake yi. "Madugu ya ce ku daure," ta ce, "gida na gaba kaɗan."

Malam Dauda ya saki dardumar. Asiya ta tashi kwashe kofuna, ta juya musu baya, don kukan da ya zo mata na daɗi ne, ba ta so ya ɗauka wani abu ne daban.