Rawar Uwar Ango

Hajiya Sahadatou ta daɗe tana sayar da shadda da atamfa a Château Rouge, unguwar nan ta Paris da in ka fito daga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai ka rantse a kasuwar Damagaram aka sauke ka. Ta ga masu saye iri-iri, amma ba ta taɓa ganin wanda ya zo yi wa mutanen takarda ankon biki ba sai surukinta.

Ɗanta na fari, Hassoumi, injiniya ne a Lyon, can kuma ya haɗu da wata 'yar Meziko mai suna Rocío. Hajiya ta yi bincikenta irin na uwa, ta ga yarinya mai ladabi, ta amince, har ma ta so ta. Sai dai son a ciki ya tsaya. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, sai dai "yaron nan". Haka ta taso ta tarar a gidansu.

Ana saura 'yan makonni biki, Rocío ta kawo ubanta, Eusebio, kanti. Gajeren dattijo ne mai fara'a, Faransancinsa bai wuce na gaisuwa ba. Ya baza hotunan garinsu, San Miguel de Allende, a kan turamen atamfa, 'yarsa tana fassara. Tsohon gari ne tun zamanin mulkin Sifaniyawa, tituna duk shimfiɗar dutse, gidaje ja da ruwan ɗorawa, ga wata doguwar coci mai ruwan hoda da baƙi 'yan yawon buɗe ido ke cincirindo a gabanta. A can in an ɗaura aure, dangi kan bi lungu-lungu a ƙafa da makaɗa, jaki a gaba an yi masa ado da furanni. Sannan ga mutum-mutumi biyu na takarda, ango da amarya, kowanne ya ninka tsawon mutum, wani ya shiga ciki ya ɗauka a kafaɗa yana rawa. Mojiganga ake kiransu, kuma haɗa su ne sana'ar Eusebio. Tun da biki bai je garinsa ba, shi ya zo wa biki da garinsa.

Hajiya ta yi dariya har da hawaye, ta zaro shadda mafi tsada ta yanka wa angon takarda, ta zaɓar wa amaryarsa atamfa da ɗankwali.

"Inna," in ji Rocío, "a wurinmu uwar ango da uwar amarya su ke tafiya tare a gaba."

Nan take Hajiya ta ɗaure fuska, ta shiga ninke abin da yake a ninke. "A'a, ɗiyata. Ni ba na zuwa wurin shagali. Ƙanwata Hassia za ta tsaya."

Rocío ta fassara. Eusebio ya tattara hotunansa a hankali.

Ana gobe biki Hajiya ta hau jirgin ƙasa zuwa Lyon, ta sauka gidan Hassia a Vaulx-en-Velin, gefen birnin. Ko mayafi ba ta cire ba Hassia ta tare ta da magana.

"Yaya, uwar yarinyar nan, Amparo, ta sha kuka. Sun ɗauka ba ki son ɗiyarsu."

"Ba a yi musu bayani ba?"

"An yi mana. Ta ce wace irin al'ada ce ke hana uwa murna?"

Maganar ta soki Hajiya, don ita kanta tun da aka sa rana ƙafarta ke ƙaiƙayi. Ita ta yi wahalar yaron nan, ita ta kai shi inda ya kai. Amma matan Zinder da na Maraɗi duk za su hallara, kuma in uwar ango ta fito titi tana taka rawa a bikin ɗan fari, kafin la'asar labari ya isa Damagaram ta waya. Gaba kura, baya sayaki: ta fito ta zubar da girmanta, ta zauna surukai su koma ƙasarsu da ciwo a zuci.

Da safe aka ɗaura aure a masallaci, aka sa hannu a ofishin magajin garin Bron, nan kusa da Lyon. Hajiya ta ce ita kai dambu kawai za ta yi zauren biki ta koma. A ɗakin baya ta tarar da mutanen takardar nan biyu a tsaye, kansu na gogar silin, Eusebio na gyara wa amaryar ɗauri. Hajiya ta ɗaga zanen amaryar ta leƙa. Akwai madauri na kafaɗa, akwai 'yar taga mai raga daidai cikin, ta yadda na ciki yana ganin kowa, ba mai ganinsa.

Ta juya ga Ilya, ɗalibin da aka shirya zai ɗauki amaryar. "Ilya, je ka taya su sauke tukwane. Kar ka yi sauri."

Eusebio ya dube ta, ya nuna da hannu cewa abin da nauyi. Matar da ta sha hawa matakalar metro da dilar atamfa a ka ake wa zancen nauyi? Ta ajiye jaka, ta sunkuya ta shige. Dattijon ya ɗaure mata madauri, yana share ido da bayan hannu.

Aka jeru aka kama hanya. Jaki dai bai samu ba a Bron, sai aka manna wa keken sayayya kunnuwan kwali, aka cika shi da gorunan zoɓo. 'Yan Meziko na busa ƙaho, wani mutumin Tawa na bin su da kalangu, kuma abin mamaki kiɗan ya zauna. Fasinjojin tiram, jirgin nan na kan titi, suka manne da gilashi suna ɗaukar hoto. Amarya da ango na gaskiya suna tsakiya. Amparo na gaba kusa da Hassia, tana murmushin yaƙe.

Da farko doguwar amarya takawa kawai take. Da kalangu ya yi zafi sai ta fara rangwaɗa, ta durƙusa kaɗan ta miƙe, ta juya, hannayenta na tsumma suna lilo.

"Ashe Ilya ya iya rawar mata haka," in ji wata 'yar Maraɗi.

Ba ta rufe baki ba sai ga Ilya ya ɓullo ta kwana da tukunya a hannu. Idanu suka sauka ƙasa, inda zane ke ɗagawa. Ƙafafu ne na babbar mace, sun sha baƙin lalle. Ta cikin raga Hajiya ta ga an gane ta. Sai ta ga matan nan ɗaya bayan ɗaya sun ɗauke kai, wannan na gyara ɗankwali, waccan na kallon sama. Ba wadda ta ga kowa. Wata ma ta rangaɗa guɗa don ta rufe zancen.

Hassia ta raɗa wa Amparo wani abu a kunne. Matar ta tsaya cak, ta dafe ƙirji, sannan ta ratso taro ta kama hannun tsumma da hannu biyu. Suka wuce gaba tare, tana kuka tana rawa.

Hassoumi ne ya gane daga baya. Ya daɗe yana kallon ƙafafun, sannan ya zo gaban doguwar amarya, ya durƙusa a tsakiyar titi kamar yadda ake gaida uwa. 'Yan Meziko suka ɗauka wani salon rawa ne, suka zube ƙasa gaba ɗaya, har da mai ƙaho.

Hajiya na dariya a ciki, hawaye da zufa sun haɗe mata a fuska, ba ta da hannun sharewa. Ta karkata kafaɗa a hankali har hannun tsumman ya sauka a kan ɗanta, ta bar shi a nan.

"Allah ya yi maka albarka," ta ce, kuma duk da ƙarar kiɗa ya ji.