Fasinja Goma Kafin Ƙarfe Huɗu

Mijin yayar Auta ya kwashe tsofaffin rasitai da kwalbar ruwa daga kujerar gaba ta tasinsa, ya ce, "Shigo, Farfesa. Yau kai ne kwandasta."

Auta ya shiga, ya ɗaura bel, ya ɗora 'yar na'urar ɗaukar murya a kan gwiwarsa. Ƙarfe takwas da kwata ne na safe. Da ƙarfe huɗu na yamma zai miƙa wa malamarsu hirar da ya yi da mutum goma waɗanda bai sani ba, kowanne tambaya biyar, da Turanci. Shi ne aikin ƙarshe a kwas na mako goma sha biyu da makarantar koyon harshe ke yi wa ɗaliban da suka zo daga ƙasashen waje. In babu aikin babu takardar shaida, in babu takardar kuwa jami'a za ta ba wani gurbinsa, shi ya jira baɗi.

A rubutu ba wanda ke kamo ƙafarsa a aji. Shekara shida ya yi yana gwajin jini a asibiti kafin ya zo, ya saba da aikin da ba a son kuskure. Magana ce ta gagare shi. Sai ya gina jimla a kansa, ya duba ta gaba da baya, kafin ya buɗe baki mutumin ya yi gaba. Mako guda aka ba su. Kwana shida yana zuwa bakin wani babban kanti, ya tsaya kusa da kekunan sayayya, ya dawo gida na'urar ko tari ba ta ɗauka ba.

Yayarsa ce ta gano zancen a wajen karin kumallo. "Wato kwana shida kana yi wa mutane gadin kanti kyauta?" in ji ta. Mijinta, wanda ya shekara ashirin yana tuƙa tasi, ya ce abin mai sauƙi ne: mutumin da ke kan titi yana iya wucewa, fasinja kuwa ba inda za shi sai an sauke shi.

Yanzu ga ta a bakin taga tana miƙo musu filas ɗin shayi. "Baban yara, ka dawo min da shi da aikinsa a hannu. In ba haka ba ku kwana a motar ku biyu."

Kafin su tashi, Auta ya juya na'urar. Ta makaranta ce, ana ba da ita aro don kada muryoyin mutane su zauna a wayoyin ɗalibai. Maɓalli ɗaya gare ta da 'yar fitila. Malama ta yi bayaninta ranar rabawa, da sauri, shi kuwa ya gyaɗa kai kamar kowa. Ya danna, fitila ta yi ja. Ya sake dannawa, ta yi kore.

"Yaya, wanne ne ɗauka?"

Mijin yayar ya ce, "Har sai ka tambaya? Ja tsaya, kore wuce. Ko'ina a duniya haka ne."

Auta ya mayar da ita ja, don kada ta ɗauki shirme.

Fasinja na farko mai kwat ne, waya a kunne tun daga shigarsa har saukarsa. Na biyu ya ce a'a kafin Auta ya kai rabin jimla. Ta uku wata tsohuwa ce da kyanwa a cikin kwando, za ta wajen likitan dabbobi. Auta ya juyo, ya haɗa jimlarsa, ya faɗe ta a hankali.

"Me ka ce?"

Ya maimaita.

"Ɗan nan, kunnuwana sun girme ka. Ɗaga murya."

Ya ɗaga. Ta ce za ta amsa, amma sai ya fara gaya mata ko shi wane ne, me ya kawo shi, kuma me ya sa mahaifiyarsa ta bar shi ya rame haka. Ba shi da shiryayyun jimloli na wannan. Ya amsa da abin da ya zo bakinsa, yana tuntuɓe, tana gyara masa tana dariya. Da suka kusa zuwa ya danna kore, ya karanto tambayoyinsa biyar daga takarda: da me kike zuwa aiki, minti nawa kike yi a hanya, me ya fi damun ki a tafiyar, da sauransu. Ta ce ta bar aiki shekara goma sha takwas da suka wuce, amma ta amsa duka. Ya mayar da ja.

"Ɗaya," in ji mijin yayarsa, ya buga sitiyari. "Saura tara, Farfesa."

Daga nan abin ya ɗan sake. Wani kafinta da akwatin kayan aiki ya amsa tambaya ta uku da cewa direbobin tasi ne suka fi damun sa, mijin yayar ya tsoma baki, Auta ya yi maza ya mayar da na'urar ja, aka yi ta musu har sai da Auta ya raba, da Turanci ga kafinta, da Hausa ga direba.

"Yaya, ba kai ake tambaya ba."

"Sana'ata ake zagi a motata, ka ce in yi shiru?"

Wasu 'yan mata biyu ma'aikatan banki suka amsa tare, ya roƙe su su yi ɗaya bayan ɗaya don a ƙirga biyu. Wani ɗan wasan ƙwallon kwando, wanda gwiwoyinsa ke tokare da bayan kujerar Auta, ya nemi a sake masa tambaya ta huɗu don bai ji daɗin amsarsa ta farko ba.

Wajen azahar suka ɗauki wata mata daga ƙofar asibiti. Tana riƙe da takardar sakamakon gwaji, tana ninkewa tana warwarewa. Ta ce ba ta da kan amsa tambayoyi. Auta ya ce babu komai. Can ya ce shi ma gwajin jini ne aikinsa a da, ko za ta bari ya ga takardar. Ta miƙo. Ya bi layukan da yatsa, ya nuna mata wanda ya ɗan yi ƙasa da waɗanda ke daidai, ya ce likita ne zai yanke magana, amma wannan alamar da ta tsorata ta ana ganin ta kullum. Ya gaya mata tambayoyi uku da za ta yi wa likitan. Minti bakwai ya yi yana magana bai tsaya neman kalma ba. Da za ta sauka ta ce ya kawo tambayoyin nasa.

"Ashe akwai baki," in ji mijin yayarsa bayan ta tafi. "A gida sai ka ce an aiko mana da hoto."

Ƙarfe uku da minti goma suka cika goma. Uku da rabi da minti biyar Auta yana hawa matakalar makaranta bibbiyu.

Ofishin malama ƙarami ne, tebur ɗaya, kujera biyu, da kwali cike da na'urorin da sauran ɗalibai suka dawo da su. Mace ce mai furfura da gilashi a rataye a wuya, ba ta da yawan magana. Ta haɗa na'urar da kwamfuta, ta duba, ta ɗaga gira.

"Awa shida da 'yan mintuna," in ji ta. "Na kowa bai wuce rabin awa ba."

Ta danna. Muryar mijin yayarsa ta cika ofishin yana faɗa da wani mai babbar mota. Ta tsallake gaba. Kyanwa ta yi kuka, tsohuwa ta ce a ɗaga murya. Aka ji Auta yana cewa to bari ya fara tambayoyin, sai ƙaramar ƙara, sai muryar direba yana cewa ɗaya, saura tara.

Auta ya dubi na'urar.

"Ja ne ɗauka," ya ce, ba tambaya ba.

"Ja ne ɗauka."

Ta ci gaba da tsallakawa. Babu tambaya ko ɗaya daga cikin hamsin ɗin. Duk abin da ke tsakaninsu kuwa yana nan: musun kafinta, roƙon 'yan banki, shan shayi, har da waƙar da direba ke yi in hanya ta cushe. Ta tsaya a kan matar asibiti, ta saurari kusan minti guda, sannan ta kashe da sauri.

"Wane ne wannan mai bayanin jini?"

"Ni ne, Malama."

"Mako goma sha biyu kana ajina ban taɓa jin muryar nan ba." Ta cire gilashin. "Ba zan iya karɓa ba. Mutanen nan sun yarda a ɗauki amsoshinsu ne, ba hirarsu ba, balle takardar asibitin wata. Dole in goge."

Ta goge a gabansa. Awa shida suka tafi cikin daƙiƙa biyu. Ta miƙo masa na'urar, ta dubi agogon bango.

"Huɗu saura minti takwas. Ni kuwa ina da takardun da zan duba, ba zan rufe ofis ba sai biyar. Kafin nan ba zan ɗaga kai in kalli agogo ba."

A ƙasa mijin yayarsa na jingine da mota yana shan sauran shayin. Ya saurari labarin da baki buɗe.

"Wane irin mutum ne zai ƙera abu ya sa ja ya zama wuce? Wannan a kan titi sai ya kashe jama'a." Ya zubar da shayin, ya buɗe ƙofa. "Shiga. In na bi ta tashar jirgi za mu samu uku ko huɗu. Sauran in roƙi abokan aikina."

"Awa ɗaya ba za ta ishe mu a mota ba, Yaya. Tafi aikinka, ka yi asarar wuni saboda ni."

"Yayarka fa? Ta ce mu kwana a mota."

"Ka ce mata ina tafe."

A tsallaken titi akwai tashar bas, mutum kusan ashirin a tsaye, an fara tashi daga aiki. Auta ya jira fitilar masu tafiya a ƙasa, ya haye. Wani mutum mai jakar ofis ya ratso ta gabansa, bai ma nufi tashar ba. Auta ya gaishe shi, ya ce shi ɗalibi ne, tambaya biyar gare shi.

Mutumin ya ce sauri yake yi.

Auta ya ce shi ma haka, ya jera da shi.