Ƙofar da Anti Ta Hana Buɗewa

Jirgin ya riga ya fara saukowa, har ana hango rufin gidaje, sai wayar da ke manne kusa da kujerar Anti ta yi ƙara. Anti ita ce shugabar masu hidimar fasinjoji, kuma kowa a wurin aiki haka yake kiranta, har matuƙan. Kyaftin ne, babban matuƙin jirgin, a wayar.

"Anti, saurara da kyau. Gefen fiffiken nan da ke saukowa ya rage mana gudu ya maƙale. Mun yi, mun yi, ya ƙi. Za mu zagayo mu sauka da gudunmu. Birki zai sha wuya, taya na iya kamawa da wuta. Ki shirya mutanenki."

"To, Kyaftin," ta ce, sai ka ce shayi ya aike ta kawowa. Ta ajiye wayar ta miƙe.

Ta bi layi-layi tana matse wa mutane bel, tana karɓe takalma masu tsini, tana nuna musu yadda za su sunkuya su kare kai. A layin gaba akwai wani ƙaton mutum, wuyansa kamar turmi, da 'yarsa ƙarama a gefe. Ya damƙi hannun Anti yana tambaya ko mutuwa za su yi. Ta zare hannunta ta ce, "Yallaɓai, ɗaure mata bel, ka bi abin da na ce kawai."

Wannan ba sauka ba ce, faɗuwa ce. Anti na ɗaure a kujerarta tana ihu, "Ku sunkuya! Kai ƙasa!" har muryarta ta dushe. Tayoyi suka daki titi, jirgi ya yi tsalle ya sake dukan ƙasa, akwatunan sama suka wangale suna aman jakunkuna a kan mutane. Wani abu ya fashe a ƙarƙashi, dum! Jirgin ya karkata hagu yana jan ƙarfe a kan kwalta, ƙarar na shiga har cikin haƙori, kafin da kyar ya tsaya. Kyaftin ya daka tsawa ta lasifika: "A fita! A fita!"

To, a aikinsu akwai doka guda da ake cusa musu har sai sun yi mafarkinta: ba a taɓa ƙofa sai an leƙa ta 'yar tagar jikinta. Anti ta leƙa. Wuta ce jawur tana lasar fiffiken hagu, iska na koro ta wajen ƙofar. In aka buɗe, za ta shigo ta cinye duk wanda ke ciki. Ta juya ta tokare ƙofar da bayanta.

"Nan a rufe yake! Ku bi ta dama!"

Wa zai saurare ta? Ƙofar dama ta cunkushe, ana tattake juna. Ƙaton nan ya ratso da 'yarsa a kafaɗa, idanunsa sun fito waje.

"Matsa!"

"Yallaɓai, akwai wuta a nan!"

"Matsa na ce, 'yar banza!"

Ya dire yarinyar, ya kai wa Anti naushi a baki. Ta ji haƙori ya karye, gishirin jini ya cika mata harshe. Ba ta matsa ba. Ya cakumi gashinta ya gwara kanta da bango, ya wurgar da ita gefe, ya kama hannun ƙofar ya fara murɗawa. Kai, tsoro mugun abu ne. Mutumin nan ba mugu ba ne, 'yarsa yake son fitarwa, kuma Anti ta san haka sarai.

Ta fizgo tukunyar kashe gobara daga mazauninta ta maka masa a hannu. Ƙashi ya yi ƙas, amma ya sa ɗayan hannun. Sai ta ɗaga tukunyar da hannu biyu ta sauke masa a ƙeya. Ya zube kamar buhu, jini na bin wuyan rigarsa. Ta mayar da hannun ƙofar inda yake.

Hayaƙi ya fara cika jirgin. Ta ja mutumin ta kafaɗa, ko motsi bai yi ba, kuma babu mai tsayawa ya kama mata. Ta sungumi yarinyar, yarinyar na yaƙushinta tana cizo tana kiran Baba. Anti ta tura ragowar fasinjojin gaba, ta bi su ta sulalo ta tsanin robar da ke ƙofar dama.

A kan ciyawa aka tara mutane, kowa na tari yana godiya ga Allah. Kyaftin ya zo ya dubi bakinta ya ce, "Sannu, Anti. Da an buɗe ƙofar nan, da babu ɗayanmu a nan." Ita dai idonta na kan jirgin.

Can sai ga 'yan kwana-kwana sun fito da mutumin a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, an rufe shi har fuska. Wata jami'a ta durƙusa gaban yarinyar tana share mata hawaye, ta ce, "Yi haƙuri, 'yata. Hayaƙi ne ya fi ƙarfin Babanki."

Yarinyar ta girgiza kai. Ta ɗaga yatsa ta nuna Anti.

"Ba hayaƙi ba ne. Ita ce."