Shuɗin Tamfol da Shuɗin Zare

Kwamfuta ɗaya da cajarta. Faifan ajiya mai hotuna ɗari biyu da goma sha shida. Lema. Kwanon shinkafa da dafaffen ƙwai. Farin sari guda, naɗe cikin tsohuwar jarida. Sai Kawu Mokbul, wanda Dilruba ba ta gayyata ba, ya kuma kama kujerar wajen tagar mota yana taunar ganyen pan, wanda ake ci kamar goro.

Motar ta kusa awa guda a tsaye bayan gadar Demra. Dilruba ta duba wayarta: sha ɗaya da kwata. Ƙarfe huɗu na yamma, agogon nan, shagon London da ke son sayen sarin kawunta zai rufe karɓar hotuna. Abin da ya shiga littafin tallansu shi za a yi oda a shekarar, abin da bai shiga ba sai baɗi. Sharaɗinsu ɗaya ne, bayan kowane hoto ya zama fari fat. Ita kuwa duka nata a jikin shuɗin tamfol ta ɗauke su, a tsakar gidan kawunta, kuma sai shekaranjiya ta kai ga layin da aka rubuta sharaɗin.

"Uwata, kallon waya ba ya tura mota," in ji Kawu.

"Da ka zauna a gida, Kawu. Aikin na'ura ne."

"Kayana ne za a sa a na'urar."

Ramukan saƙa goma sha huɗu ne a rumfarsa, kowanne da masaƙa biyu zaune a kansa. Shida daga ciki farin sari na jamdani kawai suke saƙawa, mai zare siriri, wanda in ka shimfiɗa shi a kan jarida kana karanta rubutun. Masaƙan da ke kan waɗannan shidan sun gaya masa a fuska: in Sallah ta wuce babu aiki, kamfanin ɗinki za su tafi. Wanda ya tafi can kuma hannunsa ba ya dawowa. Dilruba ta yi shekara biyar tana karatu a Glasgow, ta dawo ta ce za ta nemo musu kasuwa. Ta nemo. Saura hotuna.

Ƙarfe ɗaya saura suka isa Mirpur, ruwa ya jiƙa su har gwiwa. Ofishin Tofazzal yana hawa na huɗu, ɗaki dogo, tebura ashirin, kowa ya sunkuya a kan allo yana zagaye hotunan takalman wani kanti na ƙasar waje da linzamin kwamfuta. Tofazzal ɗan ajinta ne a sakandare. Ya fara aikin nan na gyaran hoto da tebur ɗaya, yanzu ya yi tumbi.

"Baturiya ta iso!" ya ce. "Kawu, sannu da hanya. Wannan 'yar taku, duk karatun da ta yi, a jikin tamfol ta ɗauki hoto? Tamfol ɗin shanya barkono?"

"Na shanya shinkafa ne," in ji Kawu. "Kada ka rage masa daraja."

"Tofa, lokaci," ta ce.

"Kwantar da hankalinki. Yarana duk suna kan takalma, ba mai taɓa miki hoto da hannu yau. Amma naki mai sauƙi ne. Bayansu duk launi ɗaya ne. Zan nuna wa na'ura shuɗin nan sau ɗaya, in ce duk inda ta gan shi ta mai da shi fari, ta bi su duka a tashi ɗaya. Kafin shayi ya huce an gama."

Ya buɗe hoton farko, jan sari mai ratsin zinariya. Ya taɓa tamfol ɗin, ya faɗaɗa umarnin kaɗan don ya kama wuraren da rana ta kashe launin da inda inuwa ta duhunta shi. Shuɗin ya ɓace. Sarin ya tsaya shi kaɗai a kan fari tas, kamar a iska aka rataye shi. Ya saki umarnin a kan sauran, hotuna suka riƙa wucewa a ƙasan allo.

Aka kawo shayi. Dilruba ba ta taɓa nata ba. Minti goma sha uku, na'ura ta tsaya.

"Ga su nan. Turo min adireshin."

Ta soma dubawa da sauri. Ja, baƙi, ruwan ɗorawa, kore. Tsaf. Ta kai kan fararen, su ma tsaf, ko ɗigon tamfol babu. Kafaɗunta suka ɗan sauka.

"Tsaya," in ji Kawu.

Ya ciro gilashinsa mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare, ya matso har numfashinsa na taɓa allon.

"Wannan na waye?"

"Naka mana. Lamba ɗari da sittin da biyu."

"Ba nawa ba ne."

"Kawu..."

"Ɗari da sittin da biyu hannun masaƙina Haripada ne. Wata biyu da kwana tara ya yi a kansa. Akwai fure a jikinsa, sahu goma sha ɗaya, launin sararin samaniya. Ina furen? Wannan ai gidan sauro ne."

Ya warware jaridar ya zaro sarin da ya dage sai an taho da shi, don ya ce ba ya yarda da launin da allo ke nunawa sai ya kara da na gaske. Ya ɗora gefensa a kan hannunsa. Ga furannin nan, ƙanana, shuɗi mai haske kamar rigar da aka tsoma a bula sau ɗaya. Dilruba ta nemo lambarsa a allo. Fari, sumul, ba komai a jiki.

Ta bi fararen ɗaya bayan ɗaya. Guda hamsin da takwas ne, aikin ramukan nan shida gaba ɗaya, kuma na'ura ta share furen kowanne tare da tamfol.

"To, ai ba wani abu," in ji Tofazzal, ya ja kujera. "Na faɗaɗa da yawa ne. A ƙuntata."

Ya koma kan hotunan asali, ya rage faɗin umarnin. Furen ya dawo, amma sarin duka ya zama shuɗi-shuɗi, kamar an wanke shi tare da sabon wando. Ya ƙara kaɗan, furen ya soma narkewa. Ya rage, shuɗin ya dawo. Ya ƙara girman hoton har zaren ya fito kamar igiya, ya nuna mata.

"Kin gani? Tamfol ɗin ba a bayansa kawai yake ba. Yana cikinsa. Ta kowace ƙofar zare yana leƙowa. Kuma shuɗinsa da na furen 'yan uwa ne. Ko na ba ki yarana ashirin da hannu, ba wanda zai raba su."

"Masu launin fa?"

"Zarensu da kauri, ba sa nuna abin da ke bayansu. Su lafiya lau."

Dilruba ta kauce wa idon Kawu. Ba sai ya tuna mata ba. Ranar ɗaukar hoton ya gaya mata: farin jamdani ba a buɗe shi falle ɗaya. A kasuwar Juma'a ninki huɗu ake yi masa kafin a nuna wa mai saye, don ya zama shi ne bayan kansa, furen saman ya fito. Ita ta ce Turawa suna son ganin tsawon kaya duka. Ta sa aka kafa gora biyu, aka baje shi falle ɗaya, ta ce za a gyara sauran a kwamfuta. Ya tofar da jan yawun pan ya koma rumfa.

Ƙarfe biyu da minti goma. Zuwa gida da dawowa a cikin wannan ruwa awa biyar ne. Ta rubuta wa matar shagon tana roƙon a ƙara mata kwana ɗaya. Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar: a yi haƙuri, ƙarfe huɗu littafi zai tafi wurin bugawa.

"Akwai hanya," in ji Tofazzal, ya rage murya. "Furen bai ɓace gaba ɗaya ba, inuwarsa tana nan. Zan sa na'ura ta nemo duk inda zare ya fi kauri ta shafa masa shuɗi. Umarni ɗaya, hamsin da takwas, minti biyar. Kullum muna yi. Jakar da kike gani ja a waya, baƙa aka turo mana."

"Gwada."

Ya gwada. Furanni suka fito a kan farin, shuɗi mai kyau, mai ɗaukar ido. Sun ma fi na gaske fitowa. Sai dai shuɗin ya hau bakin sarin, inda farin zare ne a kan fari, kuma ganyayen da ke tsakanin furannin, waɗanda Haripada ya bari farare, su ma sun yi shuɗi.

"Ba haka yake ba," ta ce.

"Wa ya sani? Matar da ke London ta taɓa ganin Haripada?"

"Za ta ga sarin in ya isa."

"In ya isa. Bayan wata huɗu. Kafin nan an yi oda, an kafa zare, mutane sun ci abinci. Baturiya, nan Mirpur ne, ba ajin makaranta ba."

"In ta buɗe ta ga ba shi ba ne, ba fararen kaɗai za ta mayar ba. Sunan rumfar za ta soke."

"Ko ta ce ya fi kyau."

Dilruba ta juya wajen kawunta don ya tsawata wa Tofazzal. Shi ya fara ganin ɓarnar, shi ya kira abin gidan sauro. Ya cire gilashin yana goge shi da gefen riga, ya daɗe yana gogewa.

"Tura, uwata," ya ce.

"Kawu?"

"Tura. In an yi oda, sai mu saƙa yadda hoton ya nuna. Ganye shuɗi suke so, a yi musu ganye shuɗi."

"Haripada zai saƙa wannan?"

"Haripada jikoki uku gare shi a ɗaki."

"Wannan shuɗin ma babu shi a zare. Na allo ne."

"A nemo mai kama da shi." Muryarsa ta tashi, har biyu daga masu zagaye takalma suka waiwayo. "Ke za ki iya komawa inda kika fito. Ni da wace fuska zan shiga rumfa in ce mutum goma sha biyu su naɗe zarensu saboda tamfol?"

Gaskiya ya faɗa, kuma tamfol ɗin nata ne. Ta kalli allon. In ta tura, sari hamsin da takwas ne za a buga waɗanda babu su a duniya, kowanne da lambar na gaske a ƙasansa. Wasu matan za su sayi waɗanda ke ajiye a akwati yanzu, ba waɗanda za a saƙa ba. Su za a fara aikawa, cikin mako biyu.

Uku saura kwata.

Sarin yana nan a cinyar Kawu. Ya ninke shi ba tare da ya kula ba, yadda hannunsa ya saba shekara arba'in, gida huɗu, baki a waje. Furen ya zauna a kan farin da ke ƙarƙashinsa, kowane ganye da iyakarsa, wandonsa mai duhu ko alamarsa ba ta ratso ba.

"Tofa, kana da fitila da farin tebur?"

"Ɗakin can, inda muke ɗaukar agogo. Me za ki yi?"

"Hoto ɗaya, in ka zagaye shi da hannunka, ba na'ura ba, minti nawa?"

"Ni? Rabona da zagaye hoto shekara shida."

"Minti nawa?"

Ya kalli gezar bakin sarin, ya yi tsaki. "Arba'in. In ba a dame ni ba."

"Ɗaya?" in ji Kawu. "Rami shida, hoto ɗaya?"

"Ba a ce sau ɗaya za a yi odar zane ɗaya ba. In ya shiga ransu, ashirin za su nema, ko talatin."

"In bai shiga ba fa?"

"In bai shiga ba, ni zan tsaya a gaban Haripada in gaya masa wanda ya kafa gora."

"Wannan zai cika masa tukunya?"

"A'a."

Ta miƙe, ta zare faifan daga jikin kwamfutar Tofazzal kafin hannunsa ya kai, ta sa a aljihu. Ta ɗauki sarin daga cinyar kawunta a ninkensa. Ya bi ta, don ba ya barin kayansa su shiga ɗaki ba shi. Tofazzal yana ta magana a bayansu, yana cewa ta yi tunani, hamsin da takwas ɗin suna nan a shirye, danna ɗaya ne.

Ɗakin ƙarami ne, ba taga, tebur ɗaya da fitilu biyu. Ta tura ƙofar ta rufe, maganar Tofazzal ta yanke.

"Masu launi ɗari da hamsin da takwas za su tafi, da wannan ɗaya," ta ce. "Na fentin ba za su tafi ba. Shimfiɗa shi yadda kake yi a kasuwa, Kawu. Ba zan sa baki ba."