Kankana ta Uku

Kankana ta uku ta tarwatse a ƙasa, jan cikinta ya fantsama har kan zanen Amai Nyirenda, wato Mama Nyirenda, mai kayan.

Chisala na tsaye a saman babbar motar, hannu a sake. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana jefo kankana a wannan kasuwa ta Lusaka, Lubinda na cafewa a ƙasa. Tun damina yanar ido ta cinye wa Lubinda idon hagu, kuma Chisala kaɗai ya sani. Shi ya sa yake yin fito kafin kowane jifa, ya kuma karkata jifan dama, wajen idon da ke gani, ko da kafaɗarsa za ta yini tana zugi. Yau wani ya tayar da janareta a kusa, fiton ya ɓace a cikin ƙarar.

"Sauko, Baba Chisala!" in ji Amai. "Kankana na kawo ko ƙwallo? Ɗayanku ya tsufa. Mai jifa ne ko mai cafewa? Ku faɗa min, yau ɗaya zai tafi."

Chisala ya sauko yana shirya ƙarya. Zai ce raɓa ce ta sa kankanar santsi. Bai ma kai ga buɗe baki ba.

"Amai, ai ke ma kina gani," in ji Lubinda, kansa a sunkuye. "Jifansa duk ya karkace. Kullum dama, kullum dama. Kafaɗar ta gama aiki. Wata nawa ina rufa masa asiri."

"Ni kake rufa wa asiri, Lubi?"

Lubinda bai ɗago ba.

Magana ɗaya ta isa ta tona asirin Lubinda: a ce Amai ta tsaya ta hagunsa ta ɗaga yatsu, ya faɗi nawa ne. Chisala bai faɗa ba. Ba tausayi ba ne, baƙin ciki ne ya hana shi. Mutumin da suka yi shekaru suna cin tuwon nshima a kwano ɗaya!

"To, ka ji," in ji Amai. "Je ka huta, baba."

Nan take ta yafito wani ƙato cikin masu jiran aiki, ya haye motar yana murza hannu.

Chisala ya tsallaka titi ya zauna kan benci a rumfar mai shayi, yana kallo. Lubinda ya buɗe hannuwa, ya karkata kunne sama kamar kullum, yana jira. Ƙaton ya ɗaga kankana, zai jefo ta tsaye, da ƙarfi, yadda kowa ke yi.

Chisala ya ji leɓɓansa sun tattaru da kansu za su yi fito. Ya cije su.

Daga can tsallaken titi ya ji fashewar ta huɗu.