Otal Kusa da Tasha

Tayar akwatin ta cire daidai lokacin da Inna ta tsaya a karo na huɗu, ta dafa shingen ƙarfe, ta ce ita fa ba za ta ƙara taku ɗaya ba sai an faɗa mata gaskiya.

"Wace gaskiya kuma, Inna?" in ji Safiyo, yana tsugune yana laluben tayar a gindin shingen.

"Otal ɗin nan naka, shi ma tafiya yake yi? Da muka sauka daga jirgin ƙasa yana gabana. Ɗazu ya koma hannun dama. Yanzu ga shi can a bayana."

Safiyo ya ci gaba da laluben tayar. Shekara ashirin da uku ya yi yana awon filaye, har sunan aikin, safiyo, ya danne nasa, kuma bai taɓa yarda wani ya ja da shi a kan nisan wuri ba. Da takarda ta zo cewa ana kiran babbar 'yarsa intabiyu a makarantar koyon likitanci da ke birni, shi ya karɓi aikin nemo masauki. 'Yar tasa, tun tana firamare suke ce mata Dakta, don duk wanda ya yi tari a gidan sai ta rubuta masa magani a bayan littafinta. Inna, mahaifiyarsa, kuwa cewa ta yi ba za a kai jikarta gwaji tana zaune a gida tana kallon bango ba, don haka tafiyar ta zama ta mutum huɗu, har da matarsa.

Sati uku ya yi yana tantance otal goma sha ɗaya. Ya ja layuka a takarda: ɗakin da zai ɗauki iyali, hawa na ƙasa-ƙasa saboda gwiwar Inna, sai babban sharaɗi, kusanci da tashar jirgin cikin gari. Matarsa ta nuna masa wani mai mita ɗari tara daga tasha, ya yi dariya har da riƙe ciki. Nasa mita ɗari da tamanin ne. Da rula ya auna a taswira, sau biyu.

Abin da rular ba ta faɗa masa ba shi ne, a cikin mita ɗari da tamanin ɗin nan akwai layin dogo shida, da katanga, da titi mai hannu huɗu wanda aka raba tsakiyarsa da shinge. Gadar masu tafiya a ƙasa kuwa tana can gaba, inda ido ba ya kaiwa.

"Baban Dakta," in ji matarsa cikin sanyin murya, irin sanyin da ya fi faɗa ciwo, "na ɗari taran nan, ka ce shi ma haka ake zagaya masa?"

Ya saɓa akwatin a ka, ya wuce gaba.

Sai bayan minti arba'in suka shiga otal ɗin. Safiyo ya sauke akwati a gaban kanta, zufa na ɗiga daga haɓarsa, ya shimfiɗa taswira ya fara yi wa mai karɓar baƙi bayani a kan illar yaudarar jama'a da tallan ƙarya. Matar ta saurare shi har ya gaji, sannan ta ce, "Yallaɓai, kai mita nawa ka auna?"

"Ɗari da tamanin."

"To ai mun yi daidai. Mu ma haka muka rubuta." Ta miƙa masa makulli.

Ɗakin dai babu laifi, abin da ya ƙara ba shi haushi ke nan. Gado biyu manya, ƙaramin falo, banɗaki tsaf. Tagar kuwa tana kallon tashar kai tsaye, har ana iya karanta allon lokutan jirgi ba tare da tabarau ba. Duk jirgin da ya wuce sai kofunan da ke kan tebur sun yi rawa. Inna ta jawo kujera bakin taga, ta miƙe ƙafa.

"Wannan ai ya fi talabijin," ta ce. "Ku dubi wancan mai jar riga, wallahi ba zai samu jirgin nan ba. Gudu, bawan Allah! Kash, ya tafi ya bar shi."

Kafin rana ta faɗi Safiyo ya fita shi kaɗai da agogo a hannu. Ya taka daga ƙofar otal zuwa gada, ya haye, ya dawo ta ɗaya gefen har bakin tasha: minti talatin da huɗu, in babu Inna. Ya dawo ya zana hanyar a takarda da jan biro, ya rubuta lokaci a kowace kwana. Jirgi zuwa makarantar minti ashirin, tasha biyar. Intabiyu ƙarfe tara. Za su fita shida da rabi, shi da Dakta kaɗai. Dakta tana gefen gado tana bitar littafinta, leɓunanta na motsi, ba ta ɗago ba.

Da safe komai ya tafi yadda aka zana. Dakta ta bar wayarta a ɗaki, don takardar ta ce ba a shiga da waya. Shi kuma ya kashe ƙarar tasa, ya ce yau ba ranar surutu ba ce. Suka haye gada a mintin da ya rubuta, suka samu jirgin da ya zaɓa, har da wurin zama. Takwas da minti biyar suna tsaye a babbar ƙofar makarantar. Safiyo ya dubi agogo, ya dubi 'yarsa, ya ji ƙirjinsa ya buɗe.

"Kin gani? Tsari ke nan."

Sai dai ƙofar shiru. Babu layi, babu iyaye, babu kowa sai wani mai gadi da ke kurɓar shayi a ɗan ɗakinsa. Safiyo ya gaishe shi ya miƙa takardar.

"Intabiyu?" in ji mai gadin. "Ai ba a nan ake yi ba. A reshe ake yi. Ina shafi na biyu?"

"Wane shafi na biyu?"

Mai gadin ya sa yatsa a can ƙasan takardar, inda aka rubuta da ƙananan baƙaƙe: shafi na ɗaya cikin biyu. Safiyo ne ya buga takardar a ofishinsu. Ya tuna sarai ya ga wani shafi cike da ƙa'idoji, ya ce ɓarnar tawada ce.

"Ina reshen yake?" Dakta ta tambaya.

"Kin san babbar tasha? In kin tsaya a dandamali akwai wani otal mai koren allo da ake hangowa a tsallake. To, farin ginin da ke manne da shi."

Farin ginin nan jiya sau biyu Safiyo ya wuce ta gabansa yana ƙirga taku. Kansa ya shiga lissafi ba da izininsa ba: komawa tasha, jiran jirgi, minti ashirin, sai zagayen talatin da huɗu. Tara da kwata, in an yi sa'a. Ya zaro taswira, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

Dakta ba ta ko kalli taswirar ba. "Baba mai gadi, don Allah babu wata hanya?"

"Akwai mana, 'yata. Ku tsallaka titi ku hau bas mai lamba sha huɗu. A ƙofar ginin yake tsayawa. Ga shi can ma yana tahowa, ku yi sauri!"

Suka ruga. Bas ɗin cike yake maƙil. Safiyo ya samu kansa a matse tsakanin wani mai rungume da kwalin fanka da wata mata mai goyo, hannunsa ɗaya a sama riƙe da ƙarfe. A sati ukun da ya yi yana bincike, ko sau ɗaya bai buɗe taswirar bas ba. Shi jirgi ya sani, mai layi miƙaƙƙe da lokaci a rubuce.

Dakta tana tsaye kusa da shi, ta rungume fayil ɗinta, idonta a kan taga. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi masa sauƙi.

"Baba," ta ce can, ba tare da ta juyo ba, "shekara biyu nake jiran yau."

Ya buɗe baki zai ce ai rubutun ne suka yi ƙanana, sai ya rufe. "Laifina ne," ya ce. "Ni na ƙi buga shafin. Ki yi haƙuri, uwata."

Mai goyon ta ji. Ta tambayi abin da ya faru, Dakta ta faɗa mata a taƙaice, kafin a kai fitilar ba da hannu ta gaba rabin bas ya san labari. Wani dattijo ya tashi ya ba Dakta kujera, ya ce likita ba ta shiga gwaji da ƙafa a gajiye. Mai fanka ya ɗaga murya, "Direba, a taka mana! Akwai likita a mota!" Duk tashar da aka tsaya sai fasinjoji su hau azalzalar masu sauka. Wata tsohuwa daga baya ta ce a nuna mata uban da bai karanta shafi na biyu ba. Aka nuna mata. Ta daɗe tana kallonsa, ta girgiza kai.

Don ya kauce wa idonta ya zaro waya. Kira goma sha huɗu, duk daga matarsa, da saƙo ɗaya: "Mun sauko karyawa. 'Yan mata masu fayil suna ta shiga ginin da ke kusa da mu. Ka ɗauki waya, Baban Dakta."

Tara saura minti uku bas ya tsaya. Da Safiyo ya sauko sai ga koren allon otal ɗinsu a saman kansa, tashar bas ɗin taku goma daga ƙofar. Matarsa tana bakin titi tana ɗaga hannu biyu. A ƙofar farin ginin kuwa wani jami'i ne tsaye da jerin sunaye, hannunsa ɗaya a kan ƙyaure yana son rufewa, Inna ta tokare bakin ƙofar da sandarta tana gaishe shi.

"Ya iyalin? Yaran nawa ne yanzu? Masha Allah. Babban yana aji nawa? To ita mahaifiyar taka, gwiwa ba ta damunta? Ni tawa, bari in nuna maka inda take kama ni."

"Iya, don Allah, lokaci ya..."

"Ga ta nan!" in ji Inna, ta janye sandar. Dakta ta wuce ta ƙarƙashin hannun jami'in, ƙofa ta rufe.

Awa biyu Safiyo ya yi zaune a kan dakalin otal, bai zana komai ba, bai auna komai ba. Matarsa ta kawo masa shayi ta ajiye a gefensa. Sha ɗaya ta wuce Dakta ta fito da wata 'yar farar takarda a hannu, tana tafe tana danne murmushi. An ce ta kawo sakamakon gwajin lafiya ranar Litinin, a yi mata rajista. Uwar ta rungume ta a tsakiyar hanya. Safiyo ya karɓi takardar ya karanta gaba, ya juya baya, ya ɗaga ta sama ya haska da rana.

Suna komawa ɗaki wayar matarsa ta yi ƙara. Yayarta ce, tana son jin yadda aka ƙare.

"An dace, Yaya, an ɗauke ta! Wahala? Ina fa. Ai Baban Dakta ne ya zaɓa mana masauki. Bango ɗaya ya raba mu da wurin intabiyun, bas kuma a bakin ƙofa yake tsayawa. Kin san shi da bincike." Ta ɗan saurara, sannan ta rufe bakin wayar da tafin hannu ta juyo. "Yaya ta ce wata mai zuwa za su kawo maigidanta ganin likitan ido. Wai ko za ka taimaka ka zaɓa musu otal."

Safiyo ya dubi Dakta. Dakta ta ɗaga kai tana nazarin silin. Inna ta juya ga tagarta, kafaɗunta na girgiza a hankali.

Ya yi gyaran murya, ya shafa aljihun gaban rigarsa yana laluben biro.

"Su nawa ne?" ya ce.