Haƙora Biyar na Barikisu

Barikisu ta yi mako uku tana zana abin da bai kai kwalin ashana girma ba. Injiniya ce a wani ɗan kamfani da ke kai wa makarantun Gurugu intanet ta iska, kuma na'urar da suka ɗora a kan hasumiyarsu ta cika surutu. Tana aika sigina a kan mitar da aka ba ta lafiya lau, amma sai ta riƙa zubar da hayaniya a mitocin sama, ninki biyu, ninki uku har shida, tana shiga hanyar maƙwabta. Masu dubawa na hukuma sun auna, sun ce za su dawo ranar Litinin. In sun tarar da hayaniyar, za a kashe na'urar, makarantu huɗu su rasa intanet.

Maganin abin shi ne filta, wadda Barikisu ke kira rariya: ƙananan mitoci su wuce, manyan su tsaya. Siririyar hanya ce ta jan ƙarfe a kan ɗan allo, da haƙora biyar a gefenta kamar na mataji. Zanen ya yi kyau a kwamfuta. Sai dai mai injin yanka allo a Kumasi ya ce sai bayan mako biyu, ga shi kuma alluna biyu kacal suka rage mata.

Da safiyar Juma'a ta hau babur ɗinta sai unguwar Aboabo, rumfar mahaifinta Yidana. Yidana maƙerin farfaru ne, ya shekara arba'in yana ƙera zobba da 'yan kunne, kuma har yau hannunsa ba ya rawa. Duk aikin da ya yarda da shi, yakan buga masa ɗan hatiminsa a baya.

"Dasiba, M'ba," in ji ta, ta durƙusa tana yi masa ina kwana Baba da yarensu.

"Naa," ya amsa gaisuwar. "Yau boko ta zo neman maƙera ke nan?"

Ta miƙa masa takardar da allo ɗaya, ta ce ya kankare jan ƙarfen ya bar abin da ke cikin zanen kawai. Ya ɗaga gilashinsa ya duba, ya ɗan yamutsa fuska, ya ce ta dawo gobe.

Washegari ta karɓi aiki sumul, gefunansa kamar an ja da zare. Don murna ko dubawa da kyau ba ta yi ba. A ofis, abokin aikinta Edem, mutumin kudu mai Hausar kasuwa, ya jona filtar a na'urar awo. Layi ya fito a gilashin na'urar, ya nutse ƙasa a wuri ɗaya, sannan ya sake haurowa abinsa.

"Madam, wannan filta ya kama ɓarawo ɗaya, ya bar huɗu," in ji Edem.

Ta ɗauko ma'auni ta bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya, sai ga su duk tsawonsu ɗaya cif. Dariya ta zo mata, haushi ma ya zo, ta rasa wanda za ta fara. Tsohon ya ga haƙora wani dogo wani gajere, ya ɗauka hannun 'yarsa ne ya karkace, ya rufa mata asiri.

Ta koma Aboabo da allon ƙarshe a jaka. Yadda za ta ce wa Yidana aikinsa bai yi ba, shi ya fi damunta a hanya, don mutum ne da ko sarki bai taɓa dawo masa da zobe ba.

"M'ba, ka gyara mini zane."

"Na gyara mana. 'Yan kunne biyu, ɗaya ya fi ɗaya, wa zai sa?"

"Da gangan na yi su haka. Kowane haƙori mitar da yake tarewa daban ce. Dogon na ta ƙasa, gajeren na ta can sama. Da ka daidaita su, duk sun taru a ƙofa ɗaya, sauran ƙofofin a buɗe."

Yidana ya jujjuya allon a hannunsa. Can ya ce, "To, zan yanka miki karkatacce. Amma hatimina ba zai hau kansa ba."

Ranar Lahadi ta zauna kusa da shi tun hantsi, tana karanta masa awo yana kankarewa. Rabonta da zama a kan wannan bencin tun tana firamare, kuma ta ji daɗin zaman fiye da yadda ta zata. Duk haƙorin da ya gama sai ya yi tsaki, amma ko gashi bai ƙara ba, bai rage ba.

Litinin da safe ya ce a je da shi. Ya sa babbar rigarsa ta saƙi, ya hau bayan babur ɗin 'yarsa, mutanen layi suna ta tsokanarsa. A gindin hasumiya Edem ya ɗaura filtar, masu dubawa suka kunna na'urarsu. Barikisu ta nuna wa mahaifinta layin. Layin ya nutse bayan mitarsu, ya kwanta a ƙasa, ya yi ta tafiya a kwance har ƙarshen gilashin. Babban masu dubawar ya sa hannu a takarda, ya tambayi wane kamfani ne ya yanka allon.

"Ga kamfanin nan a tsaye," in ji Barikisu.

Yidana bai yi dariya ba. Ya jira har suka tafi, sannan ya sa Edem ya kwanto filtar kafin a rufe akwatin na'urar. Ya laluba aljihun rigarsa ya fito da ɗan hatimin, ashe tun daga gida yake tafe da shi.

"Barikisu," in ji shi, "nuna mini inda zan buga, inda ba zai ɓata miki awo ba."

Ta nuna masa kusurwar allon, ta riƙe masa ya buga.